Tamojin goshi: ranar Jos, man bilicin da allurar Botox

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyi ya shigo tambaya ɗaya ke ta dawowa a gidan nan, wato layukan da ke fitowa a goshi. Masu tambayar wasu ba su kai 30 ba, wasu sun haura 45. Me ke kawo su, me ke hana su, in kuma sun riga sun zauna akwai abin da ke ɗauke su? Likita, Baban Sadiq, Hajiya, bismillah. Don Allah ban da tallar mai.

Likita: Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Kafin a kai ga maganar mai, kowa ya ɗauki madubi ya gane irin nasa layin, domin iri uku ne, kuma kowanne da hanyarsa.

Ki ɗaga gira sama. Layukan da suka kwanta a gicciye aikin wata faffaɗar tsoka ce da ta taso daga gira ta haura zuwa cikin gashi, ita kaɗai ce ke ɗaga gira a duk fuskar. Sai ki haɗe rai. Layi biyu da suka tsaya tsakanin gira wasu ƙananan tsokoki ne daban ke yin su, masu jawo gira ciki da ƙasa. Yanzu ki saki fuska gaba ɗaya. In duk sun ɓace, na motsi ne, kowane mai rai yana da su. In wani ya rage alhali fuska a sake take, wannan ya zauna. Kamar shadda ce da ake ninkewa wuri guda kullum, da farko guga na ɗauke karin, in aka daɗe sai zaren wurin ya karye.

Na uku kuma ƙananan layuka ne sirara, birjik, da fari-fari a kai, masu zuwa da hunturu. Waɗannan bushewa ce kawai, mai na kirki yana gyara su cikin sati ɗaya zuwa biyu. Mafi yawan masu ƙasa da 30 da ke tayar da hankali a Disamba irin wannan ne da su.

Abin da ke sa na motsi ya koma zaunanne kuwa yana can cikin ɓawon fata na biyu. A nan ne zaruruwan kolajin suke, masu ba fata kauri, da ilastin mai dawo da ita bayan an ja ta. Daga bayan shekara 20 kolajin yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Mace kuma in al'ada ta ɗauke mata, takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko. Shi ya sa za ki ga fuskar da ta yi shekaru tsaf ta canza cikin ɗan lokaci.

Baban Sadiq: Likita, bari in ɗora da abin da ya shafi garinmu. Mutanen Jos sanyi ne ke yaudarar mu. Zafin da jiki ke ji daban, hasken da ke lalata fata daban. Muna zaune ne a tudu, kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma ƙarfin hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai lalata fata wanda ido ba ya gani, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Ɗan Abuja zafi zai kora shi inuwa. Mu kuwa da safiyar hunturu har fitowa ake yi a jera a shanya jiki a rana, mai sayar da kabeji a Farin Gada ta wuni a fili ba ta ji komai ba don iska na kaɗawa.

Hasken iri biyu ne. UVB shi ke ƙona saman fata. UVA shi ke nutsawa ƙasa, yana tayar da wasu sinadarai a cikin fata masu yanka kolajin, kuma yana ratsa gilashin taga da gajimare marar kauri. Goshi kuwa shi ne ya fi ko'ina kallon sama a fuska.

Hajiya mai dilka: Ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma ai mu baƙar fata ne. Dubi tsofaffinmu masu noma a Vom da Bokkos, wata ta kai 60 goshinta ya fi na Baturiya 'yar 40 kyau. Man kariya daga rana ba nasu ba ne?

Likita: Hajiya, kin faɗi rabin gaskiya, kuma rabi mai nauyi. Baƙin fatarmu, wato melanin, kariya ce ta gaske. An auna, fata baƙa sosai tana da kariyar da ta kai kusan 13 a SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariya daga rana, farar fata kuwa wajen 3. Shi ya sa tamoji ke yi mana jinkirin shekara goma ko fiye. To amma abu biyu. Na farko 13 bai kai 30 da ake so ba. Na biyu, wanda ya fi damuna, mata da yawa sun kankare wannan kariyar da hannunsu.

Man bilicin ta hanya biyu yake tsufar da goshi. Sinadarin haidirokwinon da zaiba da ake sawa a cikinsa suna hana fata yin melanin, sai ta tsaya tsirara a gaban ranar da Baban Sadiq ya kwatanta. Shi kuma sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, irin kulobitasol da bitametason da ake matsewa daga tub a zuba cikin haɗin mai, kai tsaye yake hana ƙwayoyin fata saƙa kolajin. Fata ta yi siriri, tana ƙyalli, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili, ga ƙuraje, ga gashi a gefen fuska. Irin wannan fatar tana karyewa a layin motsi tun mai ita ba ta kai 35 ba. Haidirokwinon kuma in aka daɗe a kansa sai ya juya ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda da wuya ya fita. Ba a banza NAFDAC ta hana zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya ba.

Sista: Likita, a ƙara musu da cewa mai shafa sitiroyid kada ta karanta wannan ta yar da shi yau. Wadda ta yi watanni a kai, in ta tsaya rana ɗaya fuska za ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi, ta feso da ƙuraje, ta yi baƙi fiye da da, sai tsoro ya sa ta koma. Ragewa ake yi sannu a hankali, kwana ɗaya a sa kwana ɗaya a bari, sannan sau biyu a sati, wani lokaci a sauya zuwa mai rauni kafin a daina, kuma a hannun likita. Ta je da robar man da take shafawa a gani, kada ta ji kunya.

Maman Ummi: To shi man kariyar, yaya ake amfani da shi? Wasu sun ce sun gwada ya mayar da su kamar an watsa musu toka.

Baban Sadiq: A duba abu biyu a jikin kwalba, SPF 30 ko sama, da alamar cewa yana tare UVA. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, SPF 50 kuma kusan 98, don haka kada a ƙure aljihu a kan 100. Inda ake faɗuwa shi ne wajen yawa. Lambar da ke jikin kwalba an same ta ne da shafa miligiram 2 a kowace murabba'in santimita ta fata. A aikace, a ja layin mai a tsawon yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, wannan na fuska ne. Mafi yawan mutane rabin haka ko ƙasa suke shafawa, sai kariyar ta faɗi ƙasa sosai.

Fari-farin da ake kuka da shi daga masu zinki da taitaniyam ne, su ne ke zama a saman fata. A nemi mai launin hoda, ko marar waɗannan biyun wanda ke nutsewa. A gwada a gefen muƙamuƙi a fita haske kafin a biya.

Alwala kuma tana wanke shi, wannan dole a lissafa. A shafa da safe minti 15 kafin fita. Bayan alwalar Azahar a tsane fuska a sake. In har ana waje bayan La'asar a ƙara. Mai wuni a fili kamar ɗan acaba ko mai tebur a Taminus, duk awa biyu. Wanda kuɗinsa bai kai ba, malafa mai faɗi da laima da neman inuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4 suna aiki sosai.

Ko akwai hujja? Akwai. A garin Nambour na ƙasar Ostireliya an bi mutum sama da 900 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2013. Masu shafawa kullum tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na masu shafawa in sun ga dama da kashi 24 cikin 100. Fararen fata ne aka yi binciken a kansu, amma wadda ta yi bilicin ta riga ta kai kanta kusa da sahunsu.

Malam na ɗakin ido: Salamu alaikum. Ku ba ni wuri kaɗan, domin wasu tamojin daga ido suke tasowa, kuma ko buhun mai aka shafa ba za su tafi ba. Wanda ba ya gani da kyau daga nesa yana ƙanƙance ido ya haɗe gira duk wuni bai sani ba. Daga shekara 40 kuma ganin kusa ke raguwa, mutum ya riƙa nesanta waya yana tsuke fuska. Hasken rana ma haka. Tabarau daidai da ido, da baƙin tabarau mai tare UV in za a fita, suna rage wa tsokar tsakanin gira aiki sosai a rana.

Akwai kuma masu fatar ido da ta saki ta sauko. Irin waɗannan goshinsu ne ke riƙe musu ido a buɗe, kullum girarsu a ɗage. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe ido, a saki goshi, wani ya danne girar da babban yatsa don kada ta ɗagu, sannan a buɗe ido. In fatar idon ta rufe wani ɓangare na baƙin ido, to layukan goshin nan aiki suke yi. Likita, na san za ki dawo kan wannan in an zo maganar allura.

Likita: Zan dawo kuwa, Malam, ka kyauta.

Hajiya mai dilka: Ni dai ina nan kan bakana cewa gyaran jiki yana gyara goshi. Amarya ta yi sati biyu ana mata dilka da kurkur da turare, fuska ta fito sumul. Wannan ido ke gani.

Likita: Ido ya gani, Hajiya, ban musa ba. Dilka tana ɗebe matattun ƙwayoyin saman fata, man da ke ciki yana riƙe ruwa, murzawar kuma tana ɗan kumbura fata, sai haske ya sauka daidai. Layin bushewa zai tafi ɗungurungum. Layin da ya zauna zai ɓuya na kwanaki ya dawo, domin dilka ba ta kai ɓawo na biyu. Inda nake da ja da masu sana'ar shi ne ƙarfin murza da abin da wasu ke ƙarawa. Lemon tsami a fuska sannan a fita rana yana iya ƙona fata ya bar baƙin tabo na watanni. Kanwa da sabulun salo mai kaifi suna wanke man fata na asali, don saman fata mai ɗan tsami ne, wajen 5 a ma'aunin pH, sabulun kuwa yakan kai 9 ko 10. A fuska, murza sau ɗaya a sati ya isa, da tafin yatsu, ban da soso.

Hajiya mai dilka: Maganar lemon tsami na karɓa, masu hankali a cikinmu ba sa sawa a fuska. Ni ma ga tawa, don bushewar hunturu tamu ce muka fi kowa saninta. Ruwan wanka mai tururi da ake yi a Jos saboda sanyi shi ne farkon ɓarna, a sirka shi ya zama ɗumi. Man kaɗanya ko basilin ba sa kawo ruwa, rufe wanda ke wurin suke yi, don haka a shafa su fuska na da danshi, cikin minti biyu ko uku da fitowa. In an samu gilisarin, ɗigo uku a tafin hannu jiƙaƙƙe a fara da shi, sannan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a kai. Gilisarin zalla a busasshiyar fata cikin hazo yana sa ta yi danƙo ta ja. Mai fuskar ƙuraje ta bar man kwakwa, yana toshe ƙofofin gashi. Sai ɗaurin ɗankwali mai matse goshi yana turo fata ƙasa tun safe har dare, a ɗan ja shi baya zuwa bakin gashi.

Baban Sadiq: Wannan duk daidai ne, Hajiya. Yanzu ga abin shafawa guda ɗaya da ke da hujja mafi ƙarfi a kan layin da ya fara zama, tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don tamojin fuska tun 1995. Yana sa fata ta saƙa sabon kolajin, yana kuma rage sinadaran da ke yanka shi. Magani ne, da takardar likita ake karɓa. Galibi yana zuwa a ƙarfi uku, 0.025 da 0.05 da 0.1 cikin 100. Mai baƙar fata ya fara da na ƙasa.

Da dare ake shafawa, bayan alwalar ƙarshe, domin haske na kashe shi. A wanke fuska da sabulu marar kaifi, a jira minti 20 ta bushe sarai, don a jiƙaƙƙiyar fata yana shiga da yawa ya yi zafi. A matso kamar ƙwayar wake ɗaya, kuma wannan na dukkan fuska ne, ba na goshi kaɗai ba. A ɗiga a goshi da kumatu da haɓa a baje. Gefen ido, lungun hanci da kusurwar baki a fara rufe su da basilin. Bayan minti goma a bi da mai. Sati biyu na farko dare biyu a sati, sannan dare ɗaya a sa ɗaya a huta har wata guda, in fata ta karɓa sai kullum.

Abin da ke lalata aikin gaggawa ce. Ɗan saɓa da ɗan yaji a satin farko ba komai. Amma in fata ta yi raɗaɗi tana tsagewa, a tsaya kwana biyar zuwa bakwai a koma baya, domin fatarmu duk inda ta ƙone baƙi take bari, sai a fita daga layi a faɗa tabo. Sakamako kuma sai wata uku zuwa shida, ƙananan layuka ne ke fara laushi, mai zurfi raguwa yake yi kawai. In an daina, amfanin yana zubewa a hankali. Mai ciki da mai neman ciki ba nasu ba ne sam. A kula kuma da tub mai haɗin uku, tiretinoyin da haidirokwinon da sitiroyid a wuri guda, wannan na wani ciwon ne na ɗan lokaci, ba na tamoji ba.

Likita: Ƙari biyu, Baban Sadiq. A Jos ban cika son a fara shi a tsakiyar hunturu ba, fata ta riga ta galabaita. A gyara bushewar tukuna, ko a jira ruwan Afrilu. Wanda fatarsa ba ta jure shi ba, ritinol na kanti mai 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 ko adafalin 0.1, 'yan uwansa ne, sun fi sauƙi, sai dai sun fi jinkiri. Sannan Hajiya, wannan taki ce: duk wadda ta zo halawa a fuska ko gyaran gira da kakin zuma, a tambaye ta ko tana shafa irin waɗannan. In tana yi, sai ta huta sati ɗaya, in ba haka ba halawar za ta taho da fata.

Hajiya mai dilka: Madalla, wannan za ta shiga tambayoyin da ake yi wa kowace baƙuwa kafin a taɓa ta.

Sista: A yi mana maganar garin kolajin da ake ta sayarwa a Instagram, da masu cewa a ci ganda da ƙafar saniya.

Baban Sadiq: Duk kolajin da ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane nama, jiki ya raba shi inda ya ga dama. Akwai ƙananan bincike da suka nuna ɗan amfani ga garin, amma da yawansu masu sayarwa ne suka biya kuɗinsu. Man shafawa mai kolajin kuwa ƙwayarsa ta fi ƙarfin ratsa fata, laushi kawai yake sawa. Abin da jiki ke buƙata tabbas don saƙa nasa shi ne furotin da bitamin C, ga gwaiba, lemo, tattasai, kabeji da sitiroberi a garin nan. Ruwan bitamin C na shafawa mai 10 zuwa 20 cikin 100 yana taimakon man kariya da safe, amma da ya koma ruwan ƙasa a kwalba ya mutu. Sigari da shisha suna tsuke jijiyoyin jinin fata suna cin kolajin, wannan babu gardama a kai. Shan ruwa fiye da ƙishi ba ya goge layi.

Maman Ummi: To Likita, ga babbar. Botox. 'Yan Abuja sun cika mana waya da hotuna.

Likita: A kan layin motsi babu abin da ya kama ƙafarsa, kuma babu inda hannun da bai iya ba ya fi yin ɓarna. Guba ce da wata ƙwayar cuta ke yi, botulinum, aka tace ta aka auna ƙanƙani. Tana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, tsokar ta huta, fata ta daina ninkuwa. A Amurka an amince da ita don layin tsakanin gira a 2002, na goshi kuma a 2017. Ma'aunin da ke takardar Botox shi ne yunit 20 a wuri biyar tsakanin gira, yunit 4 kowane wuri, da wasu 20 a wuri biyar a goshi. Masu hannu da yawa sukan fara da ƙasa da haka a goshi su ƙara daga baya, don ana iya ƙarawa amma ba a iya cirewa. Tana fara aiki cikin kwana uku zuwa biyar, ta cika a sati biyu, ƙarfinta ya ƙare bayan wata uku zuwa huɗu. Layin da ya yi zurfi ba zai goge a zuwa ɗaya ba.

Ga inda ake kuskure. Na ce tsokar goshi ita kaɗai ke ɗaga gira. In aka kashe ta aka bar masu ja ƙasa, ko aka yi allurar ƙasa da santimita 2 daga gira, sai gira ta faɗo, fuska ta yi nauyi kamar mai jin barci. Shi ya sa ake haɗa goshi da tsakanin gira. Mutumin da Malam ya kwatanta, mai riƙe ido da goshi, in aka yi masa sai ganinsa ya ragu, shi fatar ido ce za a duba masa. In maganin ya malala cikin kwarmin ido, fatar ido ɗaya ta sauko na makonni, akwai ɗigon ido da ke ɗan ɗaga ta kafin ta warware. In aka yi tsakiya aka manta gefe, wutsiyar gira ta harba sama, wannan yunit ɗaya ko biyu ke gyara shi.

Ba a yi wa mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon raunin tsoka, mai ƙurji a wurin, ko wanda ke kan allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan an yi, awa huɗu ba murzawa, ba kwanciya, ba hula ko ɗankwali mai matsewa. Saboda sujada, a karɓi lokaci da sassafe yadda awa huɗun za su cika kafin Azahar.

Baban Sadiq: Kwalbar ma abin dubawa ce. Ana ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, to a tambayi kai yadda wutar wurin take. Tana zuwa ne a bushe, kamar babu komai a ciki, sai an zuba ruwan gishirin allura, galibi mililita 2.5 a kwalbar yunit 100. Mai son riba zai ninka ruwan, a ga aikin allurar ya ƙare cikin wata ɗaya. A ce a nuna kwalbar, a ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a tambayi yunit nawa za a sa. Ko a Amurka a 2024 jabu ta kwantar da mutane a asibiti, balle wadda aka kawo a jaka ana yi a falo. Wanda ya ga gani biyu-biyu, wahalar haɗiya ko ta numfashi bayan allura, asibiti nan take.

Likita: Sai filla, wato ruwan cikon da ake ɗurawa ƙarƙashin layi. A goshi da tsakanin gira ni ba na ba da shawararsa sai a hannun ƙwararre na gaske. Jijiyoyin jinin wurin reshe ne na wadda ke ciyar da ido. In cikon ya shiga ɗaya daga ciki yana iya komawa baya ya toshe ta, gani ya tafi nan take kuma da wuya ya dawo, ko fatar wurin ta mutu. Wanda zai yi dole ya kasance da maganin narkar da shi a kan tebur, kuma wannan yana aiki ne kawai ga cikon da aka yi da sinadarin hayaluronik. Silikon na ruwa kada ma a tsaya saurare.

Ɓare fata da asid mai sauƙi, da tsattsaga ta da ƙananan allurai sau uku zuwa shida da tazarar sati huɗu zuwa shida, suna taimaka wa ƙananan layuka in a asibiti aka yi. Asid mai ƙarfi da hasken leza mai ƙona saman fata sun fi barin baƙi a irin fatarmu. Mai jikin da tabo ke yin tudu ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Sista: Abu ɗaya da bai kamata a tashi ba a faɗa ba. In mutum ya wayi gari gefe ɗaya na goshinsa ya yi sumul, gira ba ta ɗaguwa, ido ba ya rufuwa, baki ya karkace, jijiyar fuska ce ta shanye, kuma maganinta ya fi aiki in an fara cikin awa 72. In kuma baki ya karkace amma goshi na tattaruwa ta gefe biyu, musamman da nauyin hannu ko harshe, a zargi shanyewar ɓarin jiki. Duka biyun asibiti ne a wannan sa'ar, kada a zauna ana shafe-shafe ana cewa iska ce.

Amaryar Rikkos: Anti Likita ina wuni. Biki saura sati shida, ga layi biyu sirara a goshi masu ɓacewa in an saki fuska. A fara tiretinoyin ɗin yanzu?

Likita: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya sanya alheri. A'a, kada ki fara. Sati shida lokacin saɓarsa ne, amfaninsa bai iso ba, ga halawa da dilka a gabanki, ga kuma yiwuwar ciki bayan biki. Ruwan ɗumi, gilisarin da mai a fuska mai danshi safe da dare, man kariya kullum, ki je Malam ya auna miki ido in kina tsuke fuska wajen kallon waya. Ranar kwalliya ki ce wa mai yi ta rage hoda a goshi, domin ita ke taruwa cikin layi ta fito da shi a hoto.

Hajiya mai dilka: Halawar fuska kuma a yi ta saura kwana biyar ko shida, ba ana gobe kamu ba, don in ƙuraje za su fito su samu lokacin kwanciya.